Yadda za ka ɗauki matsaya kan dokar ƙwayoyi da ta baƙin haure

Yawancin masu cewa "ni ba ruwana da siyasa" suna da ra'ayi, mai zafi ma kuwa. Ɗauko musu zancen halatta tabar wiwi ko na korar baƙin haure ka ga yadda jijiyar wuya ke tashi. Abin da ya kashe musu jiki shi ne musun da ba ya kai kowa ko'ina. Ana iya fita daga wannan hali, kuma ga yadda nake ganin ya kamata a bi.

Fara da tambayar kanka wane tsari ake magana a kai, domin "a sassauta dokar ƙwayoyi" tsare-tsare ne daban-daban. Fotugal, tun 2001, ta daina gurfanar da wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana 10 ba. Ana tura shi gaban wani kwamiti da ya haɗa da masanin shari'a da jami'an lafiya ko na jin daɗin jama'a, su duba ko magani yake buƙata, ko gargaɗi, ko tara. Dillali kuwa har gobe kurkuku ce makomarsa. Yurugwai ta bi wata hanya a 2013: ta halatta wiwi amma gwamnati ta riƙe linzami, sai wanda ya yi rajista ke saye a kantin magani, kuma ba ya wuce giram 40 a wata. Kanada a 2018 ta buɗe kasuwa ga masu lasisi. Wanda ya yarda da tsarin Fotugal yana iya ƙin na Kanada ƙwarai, kuma ni ina cikin irin waɗannan. Ban ga amfanin kulle matashi da manyan masu laifi saboda ƙullin da ke aljihunsa ba, haka nan ban yarda a bar kamfani ya ci riba daga ƙaruwar mashaya ba.

Da ka gane tsarin da kake so, je ka nemo inda aka gwada shi ya ci tura. Nan ne aikin yake, kuma nan mutane ke gudu. Jihar Oregon ta Amurka ta amince ta hanyar ƙuri'a a 2020 cewa riƙe ƙwaya kaɗan ba laifin ɗauri ba ne, tarar dala 100 ce, wadda za a yafe idan mutum ya kira layin neman taimako. Kaɗan ne suka kira. Kuɗin da aka ware wa cibiyoyin magani ya makara kafin ya isa, ga kuma fentanil, ƙwayar da ɗan mitsitsi daga cikinta ke kisa, ta mamaye tituna a daidai lokacin. A 2024 majalisar jihar ta mayar da hukuncin. Duk mai goyon bayan sassauci wajibi ne ya zauna da wannan labari ya amsa wa kansa: idan an cire ɗan sanda, wa zai kama hannun mashayi ya kai shi asibiti, kuma akwai gadon da za a kwantar da shi? Mai goyon bayan tsanantawa shi ma yana da nasa aikin. Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, shaye-shaye ya ragu da farko, amma gungun 'yan fasa-ƙwauri suka yi ƙarfi har aka janye dokar. Idan ra'ayinka ya tsira daga mafi munin misalin da ke adawa da shi, ka riƙe shi. Idan bai tsira ba, ka gyara shi tun kana kai kaɗai.

Batun shige da fice ma haka za ka yi masa. Kada ka zuba kowa a buhu guda. Akwai wanda ya shiga da biza ta ƙare bai fita ba, akwai wanda ya tsallaka iyaka a ɓoye don neman aiki, akwai wanda ya gudo daga kisa. Na ƙarshen nan yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta hana a mayar da shi inda ransa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Shi ya sa a Nuwamban 2023 kotun ƙolin Birtaniya ta ce shirin tura masu neman mafaka zuwa Ruwanda ya saɓa doka, sabuwar gwamnati kuma ta soke shi a 2024. Sannan ka tambayi wa ake kamawa. Dokar Amurka ta 1986 ta ba mutum kusan miliyan 2.7 takardun zama, tare da alkawarin hukunta masu ɗaukar marasa takardu aiki. Ɓangaren farko ya tabbata, na biyu ya yi rauni, mutane suka ci gaba da shigowa domin aiki na nan yana jiransu. Ni dai ina ganin ƙasa na da haƙƙin sanin wanda ke shigar mata, amma tsaron da ke farautar lebura ya ƙyale mai gidansa bai kama hanya ba.

Sai ka rubuta matsayarka a jimla ɗaya wadda za a iya mayarwa doka. "Ina ƙin ƙwaya" ba ta isa ba, kowa na ƙinta. "Ina so a tura wanda aka kama karon farko wurin magani, a kuma ware kuɗin wurin a kasafi" ta isa, domin akwai wanda za a iya tambaya ko ya yi ko bai yi ba.

Nemo wannan mutumin. Sau da yawa ba shugaban ƙasa ba ne, ɗan majalisa ne a kwamitin lafiya ko na shari'a, ko hukumar da ke raba kuɗin asibitoci. Duba shafin majalisa a intanet ka ga ko akwai ƙudiri a kan batun, da ranar jin ra'ayin jama'a. Irin wannan zama galibi kujeru ne a wofi, sai masu kamfani da lauyoyinsu, don haka mutum 10 da suka zo da magana ɗaya ana jin su.

Ga mai cewa ƙuri'arsa ba ta canza komai, zaɓen shugaban Amurka na 2000 ya rataya ne a kan ratar ƙuri'a 537 a jihar Florida. Dokar Oregon ma masu ƙuri'a ne suka kawo ta, kuma kukan jama'a ne ya sa aka sauya ta. Ka tabbatar sunanka na cikin rajista tun kafin a rufe. Wasiƙar da za ka aika wa wakilinka kada ta wuce shafi guda: sunan ƙudirin, abin da kake so ya yi, dalili ɗaya da ka tabbatar da gaskiyarsa, da roƙon amsa a rubuce. Bayan an kaɗa ƙuri'a a zauren, koma ka duba ɓangaren da ya bi, ka sake rubuta masa.