Kafin Ka Sayi Littafin CCNA, Duba Lambar da Ke Bangonsa

Lokacin da na fara shirin jarrabawar CCNA, wato shaidar ƙwarewa kan haɗa sadarwar kwamfutoci da kamfanin Cisco ke bayarwa, wani abokin aikina ya ba ni aron littafinsa, ƙato, ya ja wa muhimman wurare layi da jan biro. Na yi mako uku ina fama da EIGRP, wata ƙa'idar zaɓa wa saƙo hanya, ina haddace yadda ake saita ta a kan rauta (na'urar da ke tura saƙo tsakanin hanyoyin sadarwa), kafin na lura cewa littafin na tsohuwar jarrabawa ne mai lamba 200-125. Cisco ta maye gurbinta da 200-301 tun Fabrairun 2020, kuma a sabuwar jarrabawar wata ƙa'idar daban, OSPF, ce ake so ka iya saitawa. Har yau mako ukun nan yana min ciwo. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni me zai karanta, sai na fara tambayarsa lambar jarrabawar da zai zauna.

Ka fara sauke jerin batutuwan jarrabawar daga wurin Cisco da kanta. Kyauta ne. Za ka ga an raba shi gida shida, kowanne da nauyinsa. Mafi nauyi shi ne yadda rauta ke zaɓa wa saƙo hanya, kashi 25 cikin ɗari, tsaro kuma 15. A Agustan 2024 an sabunta jerin zuwa sigar 1.1, aka shigo da ɗan bayani kan ƙirƙirarriyar basira.  Ka buga takardar ka manna kusa da teburinka. Duk littafi ko bidiyon da ka gani, da ita za ka auna shi.

Daga nan ka zaɓi malami guda ka bi shi har ƙarshe, ko littafi ne ko darasin bidiyo. Littafin Cisco Press mujalladi biyu ne, yana da zurfi, amma yana son haƙuri. Ni bidiyo na bi, littafin ya zama wurin komawa idan abu ya shige min duhu. Tara darussa biyar a lokaci ɗaya ba ya kai mutum ko'ina, kullum yana babin farko.

Inda nake so ka ba da rabin lokacinka shi ne aikin hannu. Packet Tracer, manhajar da ke kwaikwayon na'urorin sadarwa a kan kwamfuta, kyauta ake samunta ta Cisco Networking Academy, kuma ta wadatar a wannan matakin. Ba sai ka sayi na'ura ko ɗaya ba. Na tuna daren da na haɗa suwic biyu (na'urorin da ke haɗa kwamfutoci wuri guda), na buɗe VLAN 10, wato wani keɓaɓɓen rukunin kwamfutoci, a kowanne, na tura saƙon gwaji na ping ya ƙi wucewa. Na shafe kusan awa ina dube-dube, sai da na rubuta umarnin show interfaces trunk na ga babu abin da ya fito: ashe ban mayar da wayar da ke tsakaninsu tirank ba, wato layin da ke ɗaukar saƙonnin VLAN daban-daban daga suwic zuwa suwic. Babin nan na karanta shi sau biyu a baya, amma a daren ne ya zauna min. Saboda haka duk darasin da ba ya ba ka aikin gwadawa da hannunka, ka ajiye shi.

Rarraba adireshin IP, wato lambobin da ake gane na'urori da su a sadarwa, shi kuma biro da takarda yake so, kullum, ko na minti goma ne. Ka kai matsayin da in ka ga /26 a ƙarshen adireshi, nan take ka san adireshi 64 ne, 62 na na'urori, ba tare da dogon lissafi ba. Domin a jarrabawar minti 120 ake bayarwa, kuma tambayar da ka wuce ba a komawa kanta.

Tambayoyin gwaji ka bar su sai makonnin ƙarshe, kuma ka nemi waɗanda ke bayyana dalilin da ya sa sauran amsoshin ba daidai ba ne. Amma tambayoyin da ake yawo da su ana cewa daga ɗakin jarrabawa aka kwaso, ina roƙonka ka nisance su. Sun saɓa wa yarjejeniyar da za ka amince da ita kafin ka fara, ana iya soke takardar shaidarka a kansu, kuma sau da yawa amsoshin da ke ciki ma kuskure ne. Idan ka faɗi wata tambaya a gwajin halas, ka nemo batunta a takardar nan da ka manna, ka buɗe Packet Tracer ka gina abin da kanka.