Yadda Ake Renon Tausayi da Son Taimako a Zuciyar Matashi

Yaron da yake rige-rigen karɓar kaya daga hannun mahaifiyarsa yana ɗan shekara takwas, shi ne ya kai sha huɗu sai an kira sunansa sau uku kafin ya ɗago kai daga waya. Iyaye da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa yaro ya lalace. Galibi ba lalacewa ba ce, gini ne ake yi ba a kammala ba, kuma yadda aka bi da shi a waɗannan shekarun yana da tasiri sosai a kan irin mutumin da zai fito.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafin samartaka daga shekara 10 zuwa 19. A wannan tsakanin, sashen ƙwaƙwalwa mai neman daɗi da yabo yana ƙara ƙarfi tun farkon balaga, amma sashen da ke bayan goshi, mai tsara al'amura da danne zuciya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Wani bincike a ƙasar Holan da aka wallafa a 2014 ya bi matasa kusan 500 daga shekara 13 zuwa 18. An ga iya fahimtar matsayin wani yana ƙaruwa da shekaru, 'yan mata suna riga samari, sannan tausayin samari yana ɗan ja baya a tsakiyar samartaka kafin ya farfaɗo. Wanda ya san haka ba zai ɗauki sanyin jikin ɗansa a matsayin halinsa na dindindin ba.

Ku fara gano inda gizo ke saƙa

Abubuwa uku ne ake cuɗawa a kira su tausayi. Akwai iya hasashen abin da ke ran wani, akwai damuwa da halin da yake ciki, akwai kuma ruɗewa idan an ga wahalarsa. Masana irin su Nancy Eisenberg da Daniel Batson sun daɗe da nuna cewa na biyun ne ke kai mutum ga taimako, na ukun kuwa guduwa yake sa shi, domin abin da yake nema shi ne sauƙin ransa.

Wannan bambanci yana da amfani a aikace. Matashiyar da aka kai ta duba kakarta a gadon asibiti, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza yatsu, bayan minti biyu ta ce za ta fita shan iska, ba taurin zuciya gare ta ba. Abin ne ya fi ƙarfinta. Kafin a shiga a faɗa mata abin da za ta gani: ramar jiki, robar ƙarin ruwa, warin magani. A ce mata minti goma sha biyar za a yi. A ba ta aiki ƙwaya ɗaya, ko gyara matashin kai, ko riƙe kofi. Hannun da ke da abin yi yana kwantar da zuciya. Wanda kuwa matsalarsa rashin lura ce, tambaya yake buƙata: "Me kake gani ya sa abokinka ya yi shiru yau?"

Ku ba shi aiki na gaske

Nan ne ƙashin bayan al'amarin. Wa'azi kaɗai ba ya gina wannan hali, ɗaukar nauyi ne ke gina shi. Andrew Fuligni na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas ya yi bayanin cewa ba da gudummawa ga wasu buƙata ce ta matashi, kamar buƙatarsa ta 'yancin kai. A birnin Bankuba na Kanada an raba 'yan aji goma su 106 gida biyu, aka sa rabi suna taimaka wa yaran firamare kamar awa ɗaya a mako har mako goma. Sakamakon da aka fitar a 2013 ya nuna har a jikinsu an ga bambanci, kitsen jininsu ya yi ƙasa da na waɗanda ba su yi ba.

Aikin da zai yi tasiri yana da sharuɗɗa. Ya kasance akwai mutum mai fuska da suna da ke amfana, kuma in matashin bai zo ba a ji rashinsa. Koya wa ƙaramin yaro karatu, raka tsoho ganin likita, kula da lokutan shan maganin mara lafiya, duk sun cika wannan sharaɗi. Ya kasance a kai a kai: awa ɗaya kowane mako na wata biyu ko uku ya fi yini guda cur sau ɗaya a shekara, domin a maimaitawa ne shaƙuwa ke shiga. Sannan a ba shi zaɓi. Ku ajiye masa ayyuka biyu ko uku ya ɗauki ɗaya, ya tsayar da rana da lokaci da kansa. Abin da matashi ya zaɓa yana kare shi kamar mutuncinsa, abin da aka ɗora masa kuwa ranar da ido ya kauce yake ajiye shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba da aikin sannan a tsaya a kansa ana gyara kowane motsi. Ku nuna sau ɗaya, ku yi tare sau ɗaya, ku ja gefe. In ya dawo, tambaya ɗaya ta isa: "Me ya fi ba ka wahala yau?"

Kada ku sayi alheri da kuɗi

Gwaje-gwaje a kan ƙananan yara, tun daga na Mark Lepper da abokan aikinsa a 1973 zuwa na Felix Warneken da Michael Tomasello a 2008, sun nuna lada na abin hannu kan rage sha'awar abin da yaro yake yi da ma don kansa. Dalilin a fili yake: an sauya masa amsar "don me nake yi?" Ku raba aikin biya da taimako, kowanne a san sunansa tun farko. Godiya kuma ta zama mai ƙayyadewa. "Da ba ka zauna da ƙaninka jiya ba, da ban samu barci ba" ta fi "yaron kirki" nauyi nesa ba kusa ba.

Idan ya ɓata wa wani

Masanin halayyar ɗan Adam Martin Hoffman ya kasa horo gida uku: nuna ƙarfi, janye ƙauna, da nuna wa yaro abin da aikinsa ya jawo wa wani. Na ukun ne aka fi samu tare da tausayi mai ɗorewa. Duka da tsawa suna sa hankalinsa ya koma kan fatarsa, gaba da shi kuma tana cika shi da fargabar ko an daina son sa. A duka biyun an manta da wanda aka cuta.

Ku jira zuciya ta huce, ku keɓe shi, ba a gaban ƙanne ko baƙi ba. "Ka ga fuskar ƙanwarka lokacin da ka karanta saƙonta a gaban abokanka? Tun jiya ba ta fito daga ɗaki ba. Me kake gani zai gyara?" Daga nan ku yi shiru, ko da shirun ya yi tsawo. Haƙurin da aka matso daga bakinsa ba ya koya masa komai sai iya baki.

Abokai

Kowa ya san zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, amma an cika mantawa cewa tasirin tsara yana tafiya ta ɓangare biyu. Masu bincike a Jami'ar Leiden sun ga matasa suna ƙara kyauta a wasan raba kuɗi idan tsaransu sun yaba, suna ragewa idan an yaba rowa. Don haka maimakon raba shi da abokai, a sa su aikin tare, su biyu ko uku.

A koya masa kuma abin da masana John Darley da Bibb Latané suka nuna a 1968: yawan 'yan kallo yana rage yiwuwar wani ya motsa, kowa na jiran kowa. Maganinsa shi ne nuna mutum ɗaya: "Kai mai jar riga, kira malami." Wani bincike a filayen wasan makarantun Kanada ya gano cewa idan ɗalibi ya sa baki, fiye da rabin lokuta cin zalin yana tsayawa cikin daƙiƙa goma. Ba sai ya tunkari azzalumin ba. Zama kusa da wanda aka ware, ƙin tura hoton da ake yaɗawa, ko sanar da babba, duk sa baki ne.

In kaya ya yi yawa

Akwai matashin da ya zama shi ne uba ko uwar gida saboda ciwo, rabuwa ko rashi, kuma a gidaje da yawa 'ya mace ce ke shan wannan. Mai irin wannan shekaru yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Idan taimako ya fara cin barcinsa, makinsa na makaranta ya faɗi, ya daina ganin abokai, ko ba ya iya cewa a'a ba tare da jin ya yi laifi ba, a rage masa, a raba aikin da wasu, a ware masa rana guda a mako da ba shi da nauyin kowa. Kada kuma babba ya mai da shi wurin sauke damuwar aure ko ta bashi.

Wanda kuma ake ganin yana jin daɗin azabtar da dabbobi ko ƙananan yara, ba ya nuna nadama ko kaɗan, abin kuma yana maimaituwa wata da watanni a gida da makaranta, wannan ya wuce sanyin samartaka. A kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar yara, a tafi da rubutaccen bayanin abin da ya faru da ranakun da ya faru.