Fita ƙetare da mota daga Kebbi: kurakuran da ke tsayar da mutum a bakin iyaka

Mu mutanen Kebbi ba ma jin Nijar ko Benin kamar ƙasar waje. Na Kamba yana da ƙanwa da ke aure a Gaya, na Kangiwa ya ci kasuwar Dogon Dutse tun yana yaro. Wannan sabo shi ke sa mutum ya shirya tafiyar kwana uku kamar zai je ɗaurin aure Argungu, ya cika tanki, ya ce sauran sai an je. Amma sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Kai ɗan gida ne a can, motarka kuwa baƙuwa ce tun daga lokacin da ta wuce shingen kwastan.

Na koyi haka da motar kawuna. Takardunta cif suke, inshora ba ta ƙare ba, lasisina sabo. Da muka isa wurin duwan, wato kwastan na can, jami'in ya dubi sunan da ke takardar mota, ya dubi nawa, ya ce, "Malam, ina mai motar?" Na ce kawuna ne, uwa ɗaya uba ɗaya da mahaifiyata. Ya ce, "Ban ƙaryata ka ba, amma takarda ba ta faɗa ba." Nan muka yi azahar da la'asar, da tsohuwa a bayan mota, sai da aka aiko da hoton katin kawu da takardar izini ta waya. Duk wanda zai fita da motar da ba sunansa a kai, ko aro ce, ko ta hannu ce da bai sauya mata suna ba, ya nemi rubutaccen izini daga mai ita, da sa hannu da kwafin katinsa, ya kuma kai kotu a buga hatimi. Kafin ranar tafiya ya buɗe bonet ya gwada lambar injin da ta shasi da abin da aka rubuta. Wanda ya taɓa sauya injin bai gyara takarda ba, a iyaka zai gane girman abin.

Takardar inshorar da kake yawo da ita a Birnin Kebbi kaɗai ba lallai ta ishe ka a ƙetare ba. Ta ƙetare ita ce katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa tun 1982 domin biyan diyyar wanda ka buge a wata ƙasa, kuma a kamfanin inshora ake karɓarsa. Akwai kuma lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa daga hukumar kiyaye haɗurra. A ɗaya gefen duwan za su ba motar takardar shiga ta ɗan lokaci, lasefase. Mutane da yawa suna karɓa su jefa cikin aljihun mota ba su duba kwana nawa aka ba su ba. A duba, a kuma mayar da ita ranar fitowa, don a littafinsu motar da ba a rubuta fitarta ba tana nan cikin ƙasar.

Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, yana da wani sharaɗi da ba kowa ya sani ba: sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki. Wanda ya yi ta jiya ya tashi yau, katinsa bai fara aiki ba tukuna. Daɗin abin, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ina roƙon jama'a su daina sayen katin ba tare da allurar ba. Sauro ba ya duba kati, kuma shawara tana kisa.

Kuskure na gaba shi ne tsara hanya da labarin bara. Iyakokin nan sun sha rufewa da buɗewa. An rufe na ƙasa a Agustan 2019, Kamba ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har Maris na 2024. Gadar da ta haɗa Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin ta daɗe a toshe, mutane na hayewa da kwalekwale, mota kuwa ba ta shiga kwalekwale. Sannan Nijar da Mali da Burkina Faso sun bar ECOWAS a Janairun 2025, don haka fasfo na ƙasa da ƙasa ya fi takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS kwanciyar hankali ga mai shiga Nijar. Taswirar waya za ta zana maka layi daga Kamba zuwa Gaya, Malanbil, Kandi, Paraku har Kwatano ba ta san an gicciye kwantena a kan gada ba. Mai zuwa Benin yana da wata ƙofa ta Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo, wadda ke fita Segbana ta haɗe da Kandi. Wacce ce a buɗe ga ƙaramar mota a makon da za ka tashi, direbobin tasha ne za su gaya maka, waɗanda suka dawo jiya ko shekaranjiya.

Su ne kuma za su gaya maka inda ba a bi bayan la'asar. Daga Malanbil zuwa Kwatano ya haura kilomita 700, kuma mai lissafi da gudun mota kaɗai yakan manta da shingayen jandarma, da wuraren biyan kuɗin hanya, da jerin tireloli. Sai magariba ta riske shi a daji ya ce bari ya ƙarasa. Yankin Dandi da Arewa na Kebbi, da jihar Dosso ta Nijar, da arewacin Benin kusa da gandun dajin W, duk sun ga hare-haren 'yan bindiga a shekarun nan. A yanke zango tun daga gida, a san garin da za a kwana da gidan da za a sauka, a isa da sauran rana. Idan iyaka ta cinye awa uku, a kwana kusa, gobe ma rana ce.

Sai kuɗi, inda Hausar ma take yaudarar Bahaushe. Nijar da Benin sefa ɗaya suke kashewa, amma a kasuwa da dala ake ƙirge, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Dala ashirin ita ce 100, dala ɗari 500, jikka guda 1,000. Mai faci zai ce maka ɗari biyu, ka miƙa masa sefa 200, ya dube ka, don shi 1,000 yake nufi. Mafita ita ce a nuna adadin a waya kafin a fara aiki. A yi canji wurin wanda aka sani tun a Kamba, a nemi ƙananan takardu da sulalla da yawa, kada a dogara da katin banki. A kowane shinge da aka ce biya, a nemi rasit cikin ladabi, gilashi a sauke, fuska a sake, da sallama. Yawancin dogon tsaiko daga ɗaga murya yake farawa.

Jarkokin fetur a but ma jan magana ne. Ga kwastan wannan fasa-ƙwauri ne ko da na amfaninka ne, ga haɗarin wuta cikin zafin Afrilu. A cika tanki a gidan mai kafin iyaka, a sake cikawa duk babban gari idan ya kai rabi. Man kwalba na bakin titi sai in ba makawa, shi ma a tace da ƙyalle.

Game da ita motar, kada a fito da ita daga gareji yau a hau doguwar hanya gobe. Duk abin da bakanike ya taɓa, birki ne, kuloci ne, lagireto ne, a yi kwana biyu ana zagayawa da ita, a je Jega a dawo, a ga ko wani abu zai ɗiga. Safaya a duba iskarta, jak a gwada shi a ƙofar gida. A ɗauki fanbel, fulogi, fiyus, baƙin mai da jarkar ruwa, tare da abin kashe gobara, alwatika mai ƙyalli da akwatin magani, don jandarmomi na tambayarsu. Kwafin kowace takarda a ajiye biyu, ɗaya a mota, ɗaya a jakar wani cikin matafiyan, sannan a rubuta lambobin mutanen gida da na mai masauki a takarda, domin layin Najeriya na iya ɗaukewa kaɗan bayan Gaya kafin a samu sayen na can.