Kurakuran da yara ke yi wajen kiran firogiram daga wata folda

Wallahi na gaji da ganin abu guda wurin yaran da ke koyon Python a shagonmu nan Gusau, kowa sai ya zo wai sikirif ɗinshi ya ce bai ga fayil ba alhali fayil na nan zaune.

Sai ka ga mutum ya rubuta os.system("cd rahoto") don ya shiga foldar rahoto (cd umarnin shiga folda ne), layi na gaba ya kira firogiram yana jiran ya tashi cikin rahoto. Ba zai tashi can ba malam. Wancan cd ɗin a wani shell (firogiram mai karɓar umarni) daban ya yi aiki, shell ya rufe ya tafi da abinshi, Python na nan inda ka bar shi. Ni dai subprocess.run nake amfani da shi in sa cwd="rahoto" (foldar da firogiram zai tashi a ciki), tun Python 3.5 akwai shi. os.chdir na aiki amma duk sikirif ɗin yake canja wa wuri, kuma ba ku tuna ku koma.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne na bash, shell ɗin Linux. Wani yaro da na ba aikin share tsofaffin hotuna ya rubuta cd tsofaffi; rm *.jpg (rm umarnin share fayil ne), ashe an canja wa foldar suna, cd ya faɗi, rm bai damu ba ya ci gaba a foldar da yake ya share hotunan fasfo da takardun makarantar da munka sikana wa mutane. rm ba ya kai komai kwandon shara fa. Sai da na bi mutane a waya ina ba da haƙuri su sake kawo takardu, wani tun daga Ƙauran Namoda ya dawo, ni na biya mai kuɗin mota. Haba jama'a, && nawa take? Ka rubuta cd tsofaffi && rm *.jpg, in cd bai yi ba komai ya tsaya. Duk wanda na sake gani da ; gaban rm sai ya tashi daga kan kwamfutata.

A Windows cwd ba ya canja inda ake neman firogiram ɗin kanshi, sai ka ba shi cikakkiyar hanya. Kuma a cmd, shell ɗin Windows, cd daga faifan C: zuwa D: sai da /d.

Masu cron kuma (mai tayar da sikirif da kanshi a lokacin da aka sa mai), daga foldar gida yake tayar da sikirif, ku kama hanya da Path(__file__).parent. Sunan folda mai sarari a tsakiya, a sa shi cikin "".