Yadda za ka sayi faifan DVD daga waje ba tare da ya ƙi yi a na'urarka ba

Wanda yake zaune a Garwa ko Marwa ko Kuseri a arewacin Kamaru, kuma yake son ɗan'uwansa ya aiko masa da faifan DVD na asali daga Faransa ko Dubai, ya kamata ya fara da duba lambar shiyya kafin a biya kuɗi. Kamfanonin shirya fina-finai sun raba duniya shiyya shida tun farkon fitowar DVD, suka sa wa faifai lamba, suka sa wa na'urar kunna shi lamba, ta yadda idan lambobin biyu suka saɓa na'urar za ta ƙi karanta faifan ko da sabo ne fil.

Amurka da Kanada su ne shiyya ta 1. Yawancin Turai da Gabas ta Tsakiya da Masar da Japan da Afirka ta Kudu suna shiyya ta 2, Kudu maso Gabashin Asiya ta 3, Latin Amurka da Ostareliya ta 4, Sin kuwa ta 6. Kamaru da Chadi da Najeriya suna shiyya ta 5, tare da Indiya da Pakistan da Rasha. A nan matsalarmu take, domin fina-finan da aka fassara da Faransanci, waɗanda 'ya'yanmu 'yan makaranta suke iya bi, galibi a Faransa da Beljiyam ake buga su, wato shiyya ta 2, haka ma abin da alhazai suke sayowa a Saudiyya. Faifan Indiya ne ya zo daidai da lambarmu.

Abu na farko shi ne ka juya bayan kwalin faifan, ka nemi ɗan hoton duniya da aka rubuta lamba a tsakiyarsa. Idan ka ga 0 ko kalmar ALL, faifan ba shi da ƙulli, zai yi a ko'ina. Fina-finan Hausa da suke zuwa daga Kano, da duk faifan da aka kwafa a kwamfuta, yawanci ba su da wannan ƙullin, shi ya sa mutane da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba sai ranar da faifan asali ya shigo hannunsu. Bayan haka ka duba bayan na'urarka, kusa da inda wayoyi suke shiga, nan ma akan buga irin wannan hoton.

A ganina, wanda zai sayi sabuwar na'ura ya nemi wadda take karɓar kowace shiyya, domin ita ce ke kashe maganar gaba ɗaya. Da yawa daga cikin masu araha da ake shigowa da su daga Sin a buɗe suke zuwa, amma kada ka tsaya ga maganar mai shago. Ka tafi kasuwa da faifan asali guda na shiyya ta 2, ka ce a kunna shi a gabanka kafin ka miƙa kuɗi, kuma ka bari fim ɗin ya fara tafiya sosai. Na'urar da aka kawo daga Amurka tana da wata damuwa ta daban: wutarsu 120 ce, tamu 220, don haka sai ka karanta rubutun da ke bayanta, in ba ta ɗaukar duka biyun ba ka nemi tiransifoma, in ba haka ba za ta ƙone.

Mai kwamfuta ya yi hattara ƙwarai. Idan ka sa faifan wata shiyya, kwamfutar takan tambaye ka ko za ka sauya lamba, amma sau biyar kawai aka yarda, daga nan sai ta maƙale a kan lambar ƙarshe, kuma sake zuba Windows ba ya warware ta. Tun da yawancin kwamfutocinmu wani ya riga ya yi amfani da su kafin mu saya, ka duba sauyi nawa ya rage, ka zaɓi shiyyar da ka fi samun faifai daga cikinta, ka bar ta a nan. Manhajar VLC takan kunna faifai da yawa ba tare da an taɓa lambar ba.

Akwai kuma tsarin hoto. Faifan Turai akasari PAL ne, irin wanda talabijin ɗin Kamaru take amfani da shi, na Amurka da Japan kuwa NTSC, kuma tsohon akwatin talabijin yakan nuna shi baƙi da fari ko hoton ya riƙa rawa.

Batun farashi shi ne tushen duk wannan tsari. Kamfanoni suna sayar da haƙƙin rarraba fim ƙasa-ƙasa, suna fitar da shi a lokuta daban-daban, suna kuma sa masa kuɗi gwargwadon aljihun kowace kasuwa, lambar shiyya kuma ita ce ke hana ɗan kasuwa ya kwaso daga inda ake araha ya kai inda ake tsada. Saboda haka kada rahusar da ka gani a waje ta ruɗe ka sai ka yi lissafi cikakke. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, wato faifan yuro 10 ya kai kusan sefa 6,560, sannan ka ɗora kuɗin aike da na kwastan. Dala da dirhami kuwa suna hawa da sauka, sai ka tambayi canjin ranar. Ka kuma tabbatar harshen da kake so yana cikin faifan, domin bugun Indiya mai arha sau da yawa ba ya ɗauke da Faransanci.

Idan Blu-ray ne, wato faifan da ya zo bayan DVD ya kuma fi shi kyan hoto, lissafin ya sauya, domin shiyyoyinsa uku ne, A da B da C, kuma Afirka tana B tare da Turai da Gabas ta Tsakiya, don haka na Faransa zai yi a na'urar da aka saya don nan, na Indiya kuwa C ne idan an ƙulle shi.