Yadda za ka zaga Siri Lanka cikin kwana 7 daga Kano

Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayi a Kano ya ce a jefa masa Lipton, ya ambaci sunan da ya yi arzikinsa a tsaunukan Siri Lanka. A 1890 ne ɗan kasuwar nan na Sikotilan, Thomas Lipton, ya sayi gonakin ganyen shayi a wannan tsibiri da ke kudu da Indiya, lokacin ana kiransa Silon. Larabawan da suna ce masa Sarandib. Sunan da muka sani yanzu sai a 1972 aka raɗa masa.

Ƙasar ƙarama ce. Faɗinta murabba'in kilomita 65,610, wato Jihar Kano sau uku da ɗoriya, ba ta ma kai Jihar Neja ba. Daga arewacinta zuwa kudu kusan kilomita 430 ne, kamar daga nan zuwa Abuja. A nan ne taswira take yaudarar Bakano. Mu mun saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda direba zai taka mota daga Kwanar Dangora har Zariya bai sha wata kwana ta kirki ba. Can tsakiyar ƙasar tsaunuka ne, hanya ƙunci, kwana bisa kwana, ga manyan bas suna ta wuce juna. Kilomita 100 tana iya cin awa uku. Don haka duk lissafin da za ka yi, yi shi da awa, ka manta da kilomita.

Takardu kafin tikiti

Kada ka biya kuɗin jirgi sai biza ta zo hannu. Mutanen ƙasashe da yawa suna cike takardar izinin shiga a intanet su same ta cikin kwana ɗaya ko biyu, amma fasfon Najeriya ba ya cikin masu wannan sauƙin. Mu sai an nema mana tun daga gida, kuma hanya mafi tsabta ita ce ta kamfanin yawon buɗe ido mai rajista a can, wanda zai tsaya maka a hukumar shige da ficen ƙasar. Ba wa wannan aiki wata biyu. Za a nemi fasfo mai sauran aƙalla wata 6, da shaidar masauki, da tsarin tafiyar rana bi rana, da bayanin asusunka na banki. Kafin ka tura wa kowa ko sisi, karanta shafin hukumar da kanka, ka kuma tabbatar sunan kamfanin yana cikin rajistar hukumar yawon buɗe idon ƙasar.

Sai katin rigakafin shawara, wannan ruwan ɗorawan. Duk wanda ya fito daga Najeriya ana tambayarsa. Jami'an lafiya na filin jirgin Malam Aminu Kano suna bayar da shi, kuma allurar ba ta fara aiki a takarda sai ta kwana 10. Je ka a yi maka da gaske, kada ka karɓi katin da aka cike maka a bakin ƙofa.

Wane wata?

Damina biyu suke da ita, kowace da ɓangarenta. Daga Mayu zuwa Satumba ruwa yana dukan kudu da yamma da tsaunuka. Daga wajen Oktoba zuwa Janairu kuma sai ya koma arewa da gabas. Zagayen da zan ba ka na tsakiya ne da kudu, lokacinsa daga Disamba zuwa Maris, daidai lokacin da hunturu yake fasa mana leɓe a nan. Ɗauko kalandar Musulunci ka duba kada makon ya faɗa cikin azumi, domin akwai hawan dutse a ciki.

Duba kuma daren da wata yake cika. Ranar suna kiranta Poya, hutu ce ta ƙasa baki ɗaya kowane wata. Bankuna a rufe, ba a sayar da nama, wuraren bautarsu da jiragen ƙasa kuwa a cike maƙil.

Jirgi da kuɗi

Babu jirgin da yake tashi daga Najeriya kai tsaye. Mafi sauƙi ga mutumin Kano ita ce hanyar Doha, tun da Qatar Airways ya fara zuwa Kano a 2022. Daga Doha zuwa can kusan awa 5 ne. Rana guda za ta tafi a zuwa, wata a dawowa, saboda haka hutun kwana 9 za ka nema idan kana son 7 cif a ƙasa. Agogonsu yana gaban namu da awa huɗu da rabi.

Riƙe dala a hannu, ko ta banki ko ta Wapa, ka zaɓi sababbin takardu marasa yaga ko rubutu. Katin naira ka ɗauke shi a matsayin na ko-ta-kwana. Canza kaɗan zuwa rufi, kuɗin ƙasar, a filin jirgi, a nan kuma za ka sayi layin waya na Dialog ko Mobitel. Baƙo yana biyan kuɗin shiga wuraren tarihi ninkin-ba-ninkin na ɗan ƙasa, na Sigiriya kaɗai bai gaza dala 30 ba, don haka ware wannan daban.

Abin hawa

Ɗauki mota da direbanta na tsawon makon. Tuƙinsu ta hagu ne, kuma hanyar tsauni ba wurin koyo ba ce. Ku yi ciniki tun kafin ka taso: kuɗin ya haɗa da mai, da kuɗin babbar hanya, da kwana da abincin direba, a rubuce. Ka gaya masa tun ranar farko, cikin mutunci, cewa ba ka son a tsaya da kai a lambun kayan ƙamshi ko shagon duwatsu masu daraja. Kamasho ake ba direbobi a irin wuraren, kuma kowace tsayuwa awa guda ce daga cikin 'yan awannin da kake da su. A cikin gari kuwa a-daidaita-sahu ne ko'ina, suna ce masa tuk-tuk. Kira shi ta manhajar PickMe, ka huta da ciniki.

Yadda za a raba kwanakin

Filin jirgin Bandaranaike ba a cikin Kolombo, birni mafi girma a ƙasar, yake ba, ya fi kusa da garin Negombo. Idan da dare ka sauka, kwana a nan, ka bar Kolombo sai ƙarshe.

Rana ta 1, tafiyar awa 4 zuwa Sigiriya. Da yamma, in da sauran ƙarfi, ka leƙa kogon dutse guda biyar na Dambulla, wurin bautar mabiya Buda. Ka kwanta da wuri.

Rana ta 2, kana idar da sallar asuba ka nufi dutsen Sigiriya. Wani dunƙulallen dutse ne da ya miƙe kusan mita 180 a tsakiyar daji, wanda Sarki Kashyapa ya gina fadarsa a kansa a ƙarni na 5, bayan ya kashe mahaifinsa ya ƙwace sarauta, yana zaman tsoron dawowar ɗan'uwansa. Matakala wajen 1,200 ce, wasu na ƙarfe manne a jikin dutsen. Wanda hawan Dala ko Goron Dutse yake sa shi haki, ya fara motsa jiki tun wata guda kafin tafiya. A sama za ka ga harsashin fadar da kududdufan da aka sassaƙa cikin dutse, a ƙasa kuma lambunan ruwa da aka ja a layi kamar da igiya. Akwai gidajen zirnaƙo a jikin dutsen, shi ya sa ake hana hayaniya. Sauko kafin rana ta take, ka kama hanyar Kandi, kusan awa 3.

Kandi ita ce masarautar ƙarshe da ta faɗa hannun Ingila, a 1815, shekara 88 kafin su shigo Kano. A bakin tafkinta ne wurin bautar da mabiya Buda suke cewa haƙorinsa yana ajiye. Mai shiga sai ya cire takalmi da hula, mace ma ana iya neman ta buɗe kai, kuma laifi ne babba ka juya wa gunkin Buda baya don ɗaukar hoto. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ba, ya zaga tafkin da yamma ya ga ginin daga waje, ya ishe shi. Musulmi suna da yawa a garin, masallaci da abincin halal ba sa wuya.

Rana ta 3 ta jirgin ƙasa ce, kuma a wurina ita ce zuciyar tafiyar. Daga Kandi zuwa Ella awa 6 zuwa 7, direbanka ya wuce da kaya ta mota. Jirgin yana tafiya a hankali, yana hawa ta cikin gonakin shayi, kore shar har iyakar gani, mata da kwanduna a baya suna tsinkar ganye, hazo yana shigowa ta taga. Kujerun da ake kamawa suna fitowa kwana 30 kafin ranar, kuma nan da nan suke ƙarewa. Nemi aji na biyu, shi tagoginsa suna buɗewa, na ɗaya a rufe yake saboda na'urar sanyi. Kada ka bi masu rataya a bakin ƙofa don hoto, an rasa rayuka a haka. Tun da zaftarewar ƙasa takan rufe layin, sa kamfaninka ya tabbatar maka yana aiki kafin ka ɗora shirinka a kai. Ka sa rigar sanyi a jakar hannu. Garin Nuwara Eliya da ke kusa da layin yana kan tudun da ya haura mita 1,800, darensa ya fi na Jos sanyi.

A rana ta 4 ne za ka yi zaɓi, domin ba a tauna taura biyu a baki ɗaya.

Ko dai ka kwana biyu a Ella, da sassafe ka je gada mai baka tara da aka gina da dutse da bulo ka jira jirgi ya ratsa ta, sannan ka wuce Haputale ka ga masana'antar shayin Dambatenne da Lipton ya kafa. A nan za ka ga yadda ake shanya ganyen, a murza, a bar shi ya yi duhu, a busar, a tankaɗe shi daraja daraja, ka gane cewa garin da ake ƙulla mana a 'yar jaka shi ne na ƙarshe a rariya.

Ko kuwa ka sauka tun a tashar Hatton a rana ta 3, ka kwana a gindin dutsen da 'yan ƙasar suke kira Sri Pada, mu kuma Dutsen Annabi Adamu. Tsayinsa mita 2,243. A ƙolinsa akwai wani gurbi mai kama da sawun ƙafa. Mabiya Buda suna cewa na Buda ne, 'yan Hindu na Shiba, tsofaffin labaran Musulmi kuma suna cewa nan Annabi Adamu, alaihis salam, ya fara taka ƙasa. Ibn Baɗɗuɗa ya hau shi a 1344, shekaru kaɗan kafin ya ratso Sahara zuwa Mali. Labari ne na littattafan tarihi, hawan ba ibada ba ne. Ana tashi da wajen ƙarfe 2 na dare, matakala sama da 5,000, a isa kafin fitowar rana a ga inuwar dutsen ta faɗa kan gajimare kamar dalar gyaɗa. Hanyar tana da fitilu daga Disamba zuwa Mayu. Ƙafafunka za su kwana biyu suna ciwo. Matashi mai lafiya ni zan ce ya hau. Mai tafiya da iyali ko mai ciwon gwiwa ya zauna a Ella.

Rana ta 5, gangara awa biyu da rabi daga Ella zuwa gandun dajin Udawalawe, ka shiga da motar daji da la'asar. Wanda ya sha zuwa Yankari bai dace da giwa ba, a nan da wuya ya fito bai ga garke ba.

Rana ta 6, Galle, wanda ake furtawa kamar Gol. Gari ne cikin ganuwa a bakin teku. Turawan Fotugal suka fara gina shi, na Holan suka ƙwace a 1640 suka ƙarfafa shi, kuma ganuwar ce ta kare cikin garin ranar ambaliyar teku ta 26 ga Disamba, 2004. Bakano ya san darajar badala, sai dai wannan ta dutse ce, ana tafiya a kanta har faɗuwar rana. Farin masallacin Meeran yana daura da hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Ina roƙonka game da tekun: ba Tiga ba ne, ba Challawa ba. Yana da igiyar da take jan mutum ta ƙasa ko da ruwan iya ƙugu ne. Kada ka shiga sai inda ka ga masu ceto.

Rana ta 7, babbar hanya za ta kai ka Kolombo cikin kusan awa biyu. Wuce kai tsaye Pettah, Kantin Kwarinsu ke nan, kowane layi da hajarsa. A tsakiyarta ne Jan Masallaci yake, Jami'ul Alfar, mai ratsin ja da fari, wanda aka kammala a 1909. In ka iya daidaita ranar ta zama Juma'a, ka yi dace. Tsarabarka a nan take: shayi mai tambarin zaki, wanda shi ne shaidar na ƙasar ne tsantsa, da kirfa mai siririn ɓawo a nannaɗe, da kanumfari.

Za ka lura na bar Anuradhapura da Polonnaruwa da Jaffna da gaɓar gabas. Da gangan ne. Kowanne zai ƙara maka awanni a mota, ka dawo Kano abin da ka fi gani shi ne ƙeyar direba.

Salla da ciki

Kusan mutum ɗaya cikin goma Musulmi ne, yawanci Shafi'awa. Alƙibla can ba gabas ba ce, yamma ce ta ɗan karkata arewa, don haka kada ka ga inda rana ta fito ka tayar da kabbara. Tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salla tun kana gida, ranar jirgin ƙasa za ka buƙace shi.

Ƙananan gidajen abinci suna rubuta otal a allonsu ko da ba a kwana a ciki, kuma da yawa na Musulmi ne. Shinkafa ce da miya kala huɗu ko biyar, da madarar kwakwa da barkono mai ƙarfi. Gwada kottu, gurasa ce da ake daddatsawa a kan faranti mai zafi da ƙwai da nama, tun daga nesa za ka ji ƙarar ƙarafan. A ƙauyen da babu Musulmi, tsaya ga kifi da ganye. Ƙasar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro tun 2016, amma akwai zazzaɓin dengi, wanda sauronsa da rana yake cizo, saboda haka shafa maganin sauro da safe. Ruwan gora za ka sha, ko na kwakwar nan mai launin lemo da ake sarewa a bakin hanya, sunanta tambili.