Ga ƙannenmu masu zuwa karatu ƙasar Sin: maganar aiki bayan digiri

Ba zan tsaya a kan masauki da abinci ba, domin 'yan'uwanmu na Guangzhou da Yiwu ba sa barin baƙo ya kwana da yunwa, kuma ina alfahari da su. Abin da ke damuna shi ne yadda kuke isowa da zaton takardar digiri ce za ta nemo muku aiki.

Ku lura da abokan karatunku 'yan ƙasa. Da yawansu su kaɗai iyayensu suka haifa, don haka zaɓen sana'a a wurinsu shawara ce ta gida gaba ɗaya, kuma iyaye sun fi natsuwa da aikin gwamnati, wanda suke kira kwanon shinkafa na ƙarfe, wato abincin da ba ya yankewa. A 2024 ɗalibai sama da miliyan 11 suka kammala manyan makarantu, shi ya sa tun watan Satumba na shekarar ƙarshe suke bin kamfanonin da ke zuwa jami'a ɗaukar ma'aikata. Mu kuwa fatauci muka gada. Ana turo mana kuɗi daga Kantin Kwari mu sayi kaya, mu yi wa alhazai tafinta lokacin baje kolin kasuwanci na Canton da ake yi a Guangzhou, sai mu ɗauka hanya ta riga ta buɗe.

A nan na yi tuntuɓe. Izinin zaman ɗalibi ba izinin aiki ba ne, kuma ko horon aiki sai jami'a ta amince, ofishin shige da fice ya rubuta a takardarka. Da na gama digirin farko wani kamfani ya so ɗaukata, sai aka nemi shaidar shekara 2 ta ƙwarewa, alhali duk tafintar da na yi babu ko layi ɗaya a rubuce. Sassaucin wannan sharaɗi da aka yi a 2017 masu digiri na biyu ya shafa. Na yi makonni ina zarya tsakanin ofisoshi har izinin zamana ya kusa ƙarewa, na tattara na koma gida, ban san abin da zan faɗa wa mahaifina ba.

Duk da haka har yau ina ganin sababbin zuwa suna barin aji su tafi kasuwa. Ku zauna jarrabawar HSK ta ƙwarewa a harshen Sinanci da wuri, ku yi horon aiki mai rajista, kuma tun a shekara ta uku ku tambayi ofishin ɗaliban waje ƙa'idar birninku, domin ta Shanghai ta bambanta da ta wasu garuruwa.